Faifan Garmahon Ammi Rashid

Kwanana tara a Agadas, kuma a cikin kwana taran nan babu wanda ya kyautata mini kamar mutumin da ya cuce ni.

Sunansa Idi. A tasha ya tsince ni, ina tsaye da jaka ina raba ido. Ya ji na ce wa mai shayi "mi ka ce?", sai ya juyo ya rungume ni kamar ciki ɗaya muka fito. Ya ce shi mutumin Konni ne. Na ce ni na Illela ne, shekara shida ina kabu-kabu tsakanin garuruwan nan biyu, har na tsinci ɗan Faransanci a bakin fasinja. Da harkar iyaka ta mutu na sayar da babur, na nufi Aljeriya neman aikin gini.

Ya ce, "Ashe gida na. Lawali, in dai ina garin ga, ba ka kwana waje."

Bai kuwa bari na kwana a waje ba. Ya kai ni gidan da matafiya ke jiran mota, ya kawo mini fura, ranar da zazzaɓi ya kama ni shi ya nemo magani. A rana ta bakwai ya ce duk wanda ya shiga ƙasar Larabawa babu takardar aiki, kamun kaza ake yi masa. Ya ce ya san wani babba da zai samo mini ita. Na ba shi wayata mai kyau da rabin abin da na samu a babur, ya dawo mini da takarda da rubutun Larabci da hatimi shuɗi guda biyu. Ni karatun allo na yi, sai da wasali nake gane baƙi, wannan kuwa babu wasali ko ɗaya. Ya naɗe ta a leda, ya ce, "Ka riƙe ta awa ranka." Na ɗinke ta a cikin rigata daidai ƙirji.

Hamada ba na son dogon zance a kanta. A bayan a-kori-kura muka zauna, ƙafafu a waje, kowa ya rungumi sanda don kada ya faɗo. Kwana biyu da wuce Arlit motar ta tsaya, direba ya shige ƙarƙashinta bai fito ba sai washegari da azahar. A nan na tarar jarkata ta huje, ruwan duk ya tsiyaye a cikin kaya. Ban gaya wa kowa ba, don a wurin nan ba a roƙon ruwa. Wata tsohuwa mutuniyar Tawa, Inna Rabi, ita ta lura leɓena ya tsage. Ta cika murfin jarkarta ta miƙo.

Na ce, "Inna, bar shi, ba shi isarki."

Ta ce, "Sha, ɗiyana. In ka mutu kusa gare ni, ni za a tambaya gobe ƙiyama."

Sau shida ta cika mini murfin nan kafin mota ta tashi. A Tamanrasat aka sauke mu a gurguje a bayan gari, kowa ya kama gabansa. Na waiga ban gan ta ba. Har yau ban yi mata godiya ba.

Wata huɗu na yi a Tamanrasat ina buga bulo. Daga nan na bi motar kayan miya zuwa Gardaya, na yi aikin tsinkar dabino har kakarsa ta wuce. Kowa yana cewa aiki yana bakin teku, sai na ci gaba da yin arewa, a ƙarƙashin tamfol, har Allah Ya kai ni birnin Wahran na bakin teku a tsakiyar sanyi.

Ban taɓa sanin ruwan sama yana iya zama abin baƙin ciki ba sai a garin nan. A gida in hadari ya taso murna ake yi. Can kuwa yayyafi ne siriri mai shiga ƙashi, kwana uku bai ɗauke ba. Mu goma sha wani abu muke kwana a cikin ginin da muke aikinsa, babu ƙofa babu taga. Abin da ya fi damuna ba sanyin ba ne, gaisuwa ce. Kalma ɗaya za a jefa maka a wuce. Wata safiya ina haɗa siminti na ji bakina yana cewa, ina kwana, ina gajiya, ina mutanen gida, ina ɗawainiya, ni kaɗai, ina yi ina amsa wa kaina. Wani ɗan Mali da ke kusa da ni ya dube ni, ya kau da kai.

Sai na taka ƙusa. Na ɗaure wurin da tsumma na ci gaba da aiki, cikin kwana biyar ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Shugaban leburori ya ga yadda nake jan ta, ya ce in tafi sai na warke. Na san ma'anar maganar. Kafin in gama tattara bargona ya sa wani a wurina.

A matakalar wani ƙaramin masallaci na zauna, na rasa inda zan dosa. An idar da azahar mutane suna fitowa, sai wani tsoho mai farin gashi da baƙin tabarau ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse. Sandarsa ta gangaro gabana. Na tare shi da kafaɗa, na miƙa masa sandar. Ya yi mini magana da Larabcinsu ban gane ba, ya koma Faransanci, ya ce gidansa ba nisa, ko zan riƙa masa hannu? Muka kama hanya. Ba mu yi taku ashirin ba ya tsaya.

"Me ya sami ƙafarka?"

"Ka gani ne, Baba?"

"Ban gani ba, ji na yi. Takunka ɗaya yana da nauyi, ɗaya yana jin tsoron ƙasa." Ya yi dariya. "Gurgu yana jan makaho. Mu je a hankali, kada garin ya yi mana dariya."

Sunansa Rashid, mutanen unguwa suna ce masa Ammi, wato baffa. Tsohon mai gyaran rediyo ne. Idonsa ya dushe, haske da duhu kawai yake bambancewa, hannunsa kuma yana rawa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wata ƙasa. Yana zaune a sama, shagonsa na gyara yana ƙasa a rufe.

Ya buga ƙofar maƙwabciyarsa, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Nadiya. Ta duba ƙafar ta yi salati, ta ce da na ƙara kwana uku sai dai a yi maganar yankewa. Ta matse, ta wanke, ta yi mini allura. Ta ce gobe ya kamata in je asibiti, ina da takarda? Na farke ɗinkin rigata da alfahari na miƙa mata. Ta karanta. Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki, sai kuma ta dubi fuskata, dariyar ta ɗauke.

Ta ce, "Wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Wani ɗan'uwana."

"Shaidar rigakafin awaki ce. An yi wa awaki goma sha biyu allura, lafiyarsu ƙalau."

Kusan shekara guda ina kwana da ita a ƙirji. Ammi Rashid ya lalubo kafaɗata ya dafa, ya ce, "To alhamdu lillahi, awakin dai suna lafiya. Saura kai." Ya ce wa Nadiya ta buɗe shago ta shimfiɗa mini katifa.

Haka na zauna a cikin matattun rediyoyi. Nadiya ta riƙa wanke ƙafar kullum har ta warke. Aikina in raka tsoho masallaci, in sayo burodi da kayan miya, in share gida. Ranar da na cika mako ya ce akwai wani aikin da ya fi waɗannan duka, in hawo sama bayan la'asar.

Na tarar da shi zaune gaban wani akwatin katako. Garmaho ne. Ya ce in ɗauko faifan farko a kan kanta. Kwalinsa ya tsufa, gefe-gefe duk ya cinye. An zana tafki a jiki, ga kan wata hasumiya ya leƙo daga cikin ruwa, tsuntsaye suna kewaya ta. Ya koya mini yadda ake riƙe faifan ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa, da yadda ake goge shi, da yadda ake sauke allura sannu a hankali a kan layin farko. Ya ce tun da hannunsa ya fara rawa ya ƙarce faifai biyu, sai ya haƙura. Shekara biyu ke nan bai ji wannan ba.

"Sharaɗi biyu," in ji shi. "Ba a magana in yana tafiya. Ba a ɗaga allura a tsakiya. In fuska ɗaya ta ƙare ka juya ɗayar. Wannan ba waƙoƙi ba ne da za ka tsinci wadda kake so, labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe."

Gaskiya ranar farko ban ji komai ba sai hayaniyar Turawa. An fara da sarewa da kukan tsuntsaye, na ce to madalla. Kafin in gyara zama jita ta yi kururuwa, ganguna suka rikice, wani ya rera da siririyar murya, aka yi tsit, aka sake ɓarkewa. Kiɗan da ba za ka iya taka rawarsa ba, ba za ka iya yin amshinsa ba, da ka ce ka kama shi sai ya sauya hanya. Na riƙa kallon faifan yana juyawa ina addu'ar ya ƙare. Da na dubi tsoho kuwa, ya cire tabarau, hawaye yana bin gemunsa, leɓensa yana motsi tare da mawaƙin.

Da ya ƙare ya ce, "Yaya ka ji?"

Na ce, "Ammi, suna da ƙoƙari."

Ya yi dariya har da tari. "Ba ka iya ƙarya ba. Matata ma haka ta ce. Shekara biyar tana cewa in kashe wannan masifa, daga baya na kama ta tana bin sarewar da hanci a wajen girki."

Sau biyu ko uku a mako muke zama. Bayan kowane zama sai ya warware mini wani yanki, muna shan shayi mai na'ana'a. Ya ce yana saurayi aka tura shi Ingila koyon aikin rediyo, kuɗin rigar sanyi ya ɗauka ya sayi faifan, ya sha ɗari har bazara. Samari biyar ne suka yi shi. Labarin wani ƙauye ne a cikin kwari, da hukuma ta gina madatsar ruwa, aka ba mutanensa wa'adi su tashi. Fuskar farko, kowace waƙa mutum ɗaya ne a cikin ƙauyen. Ga mai gasa burodi yana hura wutarsa ta ƙarshe. Ga malamar makaranta tana kiran sunayen yara, ana amsawa, kullum masu amsawar suna raguwa. Ga mai haƙar kabari da aka ce ya tono matattu a kai su sabon gari, yana ba kowanne haƙuri da sunansa. Fuska ta biyu kuwa waƙa ɗaya ce tal, doguwa, kusan minti ashirin: wani tsoho ya ƙi tashi, yana bi gida-gida yana rufe ƙofofin da aka bari a buɗe, ruwa yana biye da shi.

Da na san labarin sai kunnena ya buɗe. Na gane kururuwar jitar nan motocin rusau ne. Na gane kowane mutum yana da ɗan sautinsa, kamar yadda kowane gida yake da kirarinsa, kuma in tsohon nan ya iso ƙofar mai burodi a fuska ta biyu, sai sautin mai burodi ya ɗan ɗago, a raunane, ya koma. Haka a ƙofar makaranta. Ashe ba rikicewa suke yi ba, sun san inda suka ajiye kowane zare. Can ƙarshe wani abin kiɗa mai kama da piyano, mai murya kamar iska a cikin rijiya, yakan taso a hankali ya yi ta cika ɗakin har ka ji ruwan ya kai maka wuya. Sai tsit. Sai sarewar farko ta dawo, daga nesa, kamar daga ƙarƙashin tafki. Ranar da na fara jin wannan sosai, Illela ce ta tsaya mini a ido: layin masu canji, da ƙarar babura a bakin iyaka, da hayaƙin balangu ranar kasuwa. Na sauka shago na daɗe ban kunna fitila ba.

Amma mai gangan ne ya fi kama ni. A doguwar waƙar nan akwai wurin da kowa yake ja da baya a bar shi shi kaɗai. Kiɗansa yana da wani abu da ya dame ni, kamar mutum ya ɗaga ƙafa zai taka matakala ya tarar babu. Na yi ta ƙirgawa a zuci har na gano: inda kowane makaɗi zai buga takwas ya zagayo, shi bakwai yake bugawa. Wata rana ban san yatsuna suna bin sa a kan tebur ba. Da faifan ya ƙare Ammi Rashid ya juyo da fuskarsa wajena.

"Shekara hamsin ina jin wurin nan, ban taɓa iya bin sa da hannu ba. Wa ya koya maka?"

Na ce ba kowa. Ya karkato kunne wajena yana jira. Sai na faɗa masa abin da ban faɗa wa kowa ba tun da na bar gida.

Mahaifina makaɗin kalangu ne, na mahauta. Ranar kasuwa yakan tsaya a rumfarsu yana kiɗa, yana kiran kowane mahauci da takensa, suna yi masa kyauta. Tun ina ƙarami hannuna ya iya, amma da na girma na ji yadda ake kiran mu maroƙa, sai na tsani abin. Wata ranar kasuwa na ɗauko wani attajiri a babur, cunkoso ya tsayar da mu daidai rumfar mahauta. Baba yana kiɗa, ya hango ni, ya juya kalangun ya buga mini taken da yake yi mini tun ina goye. Attajirin ya ce, wane tsohon maroƙi ne wannan yake maka kiɗa? Na ce ban san shi ba. Na ja babur. Baba bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban ƙara iya haɗa ido da shi ba. Ko da zan taho, a tsaye na yi masa sallama. Tun daga nan ƙanwata Hauwa'u kawai nake kira, in ce ta gaishe shi.

Ammi Rashid bai yi mini wa'azi ba. Ya juya kofinsa a hannu, ya ce, "Ina so in ji abin da makaɗi zai ce game da mai gangan nan. Ni mai gyaran rediyo ne kawai. Kira shi ranar Juma'a."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Nadiya ta ara mana wayarta. Hauwa'u ta ɗauka, na ce ta kai wa Baba. Na ji tafiyarta, na ji kukan akuyar gidanmu, na ji ta ce, "Baba, Lawali na."

"Lawali." Muryarsa ta yi nauyi, kamar mai magana da abu a baki. "Kana lahiya? Kana cin abinci?"

Duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Na ce, "Baba, wani kiɗi nika so ka ji."

"Kiɗi?" in ji shi. "To, sa mu ji."

Na sauke allura a farkon fuska ta biyu, na kara wayar a bakin lasifika. Muka zauna mu uku. Na ɗauka zai gaji ya miƙa wa Hauwa'u, amma ina jin numfashinsa. Da mai ganga ya gama wurinsa, sai muryar Baba ta fito daga wayar, a tsakiyar kiɗa:

"Kai! Maido min wurin ga."

Na dubi Ammi Rashid. Na fassara masa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mayar masa." Na ɗaga allura a tsakiyar faifai, na mayar baya. Sau uku Baba yana sa a maido.

Sannan ya ce, "Wanga yaro ya san hannunai. Taki guda yaka ɓoyewa, da gangan, don ranka shi biyo shi nema. Wa ya rasu garai?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Garinsu na ruwa ya ci."

"Ai shi na. Na ji." Ya ja numfashi. "Da hannuna na nan, da na amsa mishi."

"Mi ya samu hannunka?"

Sai Hauwa'u ta karɓi wayar tana kuka. Ta ce tun damina ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba. Shi ya hana a gaya mini, ya ce wanda ke nema a ƙasar wasu ba a ɗora masa kaya.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin na iya gaya wa Ammi Rashid zan koma gida. Ya ce ya sani tun ranar Juma'a. Nadiya ta binciko wata ƙungiya mai mayar da baƙi ƙasashensu, ta rubuta sunana, aka ce in jira. Mako bakwai na jira. A cikinsu na rasa sukuni, don na san in na tafi garmahon zai sake rufuwa. Nadiya tana da aikinta da 'ya'yanta. Sai na samo guntun katako a shago, na goge shi, na kafa shi a gefen akwatin daidai tsayin allura, yadda tsoho zai ɗora tsintsiyar hannunsa a kai, rawar ta ragu. Na manna ɗan ƙarfe inda yatsansa zai tsaya. Muka yi ta gwadawa a kan wani faifan da ya riga ya lalace. Ranar da ya sauke allura da kansa a kan layin farko, sarewa ta tashi ba ƙarce, ya yi ihu kamar yaro, har Nadiya ta hawo da gudu da ludayi a hannu.

Bai ba ni faifan ba, ban kuma so ya ba ni ba. Nadiya ta ajiye wayarta a gaban lasifika ta naɗe shi duka, ta zuba mini a ɗan katin waya. Har da ƙarar allura a ciki, har da tarin Ammi Rashid sau biyu a waƙar mai haƙar kabari. Ranar tafiya ya rako ni bakin ƙofa, ya shafa fuskata da tafin hannunsa tun daga goshi har haɓa. Ya ce, "Don in san wanda zan riƙa tunawa." Ya sa mini rigar sanyinsa, ko da yake na gaya masa inda za ni babu abin da zan yi da ita.

Na iso Illela da hantsi, da jaka ɗaya, ba abin da na tara. Baba yana zaune a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya rame, hannun hagu yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Na durƙusa. Na ce, "Baba, akwai wata ranar kasuwa..."

Ya ce, "Na ji ka ran nan. Iska wajena taka busowa."

"Ka yahe min."

"Tun ba ka sha kwana ba na yahe. Tashi, ƙasa da zahi. Ina kiɗin?"

Bayan la'asar na aro ƙaramar lasifika wajen maƙwabci. Na gaya masa labarin tun daga mai burodi, na kunna daga farko. Ya kasa kunne har sarewar ƙarshe ta nutse. Da aka zo wajen tarin ne kawai ya ɗago ido, na ce mai faifan ne, ya ce Allah Ya ba shi lafiya. Da ya ƙare ya kira Hauwa'u, ya ce ta ɗauko kalangu a bayan ƙofa.

Kalangu hannu biyu yake so: dama ta buga, hagu ta matse igiyoyin fatar da ke jikinsa, ta saki, shi ne yake sa shi magana. Baba ya karɓi sandar kiɗan da damansa. Ya dubi kalangun, ya dubi hannun da ke cinyarsa, ya dube ni. A bakin titi muke, masu babura abokan aikina na dā suna wucewa, wasu sun fara rage gudu.

Na matsa na zauna a gefensa na hagu, kafaɗata a jikin tasa. Na sa kalangun a hammatata, na cusa yatsuna cikin igiyoyin.

Ya ɗaga sanda. Ya ce, "Bakwai za mu yi, awa yaron can. In na ce matsa, ka matsa. Kak ka yi sauri."